Surukina da Akwatin Jita

Ranar da muka kai Baba makwancinsa, coci bai ɗauki mutane ba. An kafa rumfuna a waje, an aro bencina daga firamaren da nake koyarwa, duk da haka wasu a tsaye suka yi sujadar jana'izar. Tsofaffin abokan aikinsa na layin dogo sun zo, kowa da sandarsa, suka jeru gefe guda. Ɗayansu ya kama hannuna ya ce, "Malama, tare muka hau falwaya da shi tun muna samari. Yanzu da wa zan yi gardama?"

Da muka koma gida, Alhajin da ke sayar da kayan rediyo a kasuwa ya zo gaisuwa. Ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce wa Mama, "Allah ya ba ku haƙuri. Shekara da shekaru yana zuwa shagona, bai taɓa sayen abu ya tafi ba sai ya gaya mini inda zai sa shi." Matan zumunta suna tsakar gida suna waƙa a hankali. Mama kuwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta nuna ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, inda rediyoyi suke jibge har kusa da rufi, ta ce, "Masu rediyo su zo su kwashi kayansu. Wanda ya gyaru ya gyaru, wanda bai gyaru ba sai haƙuri." Mutane suka yi dariya suna share hawaye.

Fasto ya yi maganar dattijon ikkilisiya da ba ya latti. 'Ya'yansa sun yi maganar uba mai horo. Duk gaskiya ne. Ni matar ɗansa ce, kuma a wajenmu matar ɗa ba ta tsayawa ta yi jawabi a jana'izar suruki. Aikina ranar shi ne in ga abinci ya kai ga baƙi. Shi ya sa na zauna yanzu in rubuta abin da na sani, don kada ya tafi da shi kaɗai.

An haifi Baba a wani ƙauye kusa da Nok. Ya yi makarantar mishan, ya shiga aikin layin dogo a ɓangaren waya da sigina, aikin ya kawo shi Kafanchan, a nan ya tsufa. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a ɗan ɗakin nan yana gyaran rediyo. Dogo ne, siriri, madubin idonsa ɗaure da jar waya a inda ya karye. Shayinsa babu sukari. Hausarsa ta 'yan reluwe ce, gauraye da Turanci da yaren gida, kuma idan aiki ya ɗauke masa hankali yakan manta mace da namiji, ya ce mini, "Kai, riƙe nan." Maganar da ya fi maimaitawa ita ce, "Waya ba ta ƙarya. Mai haɗa ta ne yake ƙarya."

Shekarun farko na aurena, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In durƙusa, ya amsa, in wuce. Mijina, ɗansa na biyu, shi ne mai kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Ya rasu a haɗarin mota yana dawowa daga bikin aure a Jos, ya bar ni da yara biyu.

Bayan an gama zaman makoki, dangi suka taru don raba kayansa. Da aka zo kan jita, ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya ce a ba ɗansa, tunda kayan namiji ne, kuma ni ban iya ba. Gaskiya ya faɗa, ko yadda ake riƙe ta ban sani ba. Ina zaune a ƙasa cikin mata, kaina a sunkuye, sai na ji Baba ya ce, "Malama, kina so?"

Ban shirya wa tambayar ba. Na ce, "Ina so, Baba."

"To nata ne."

Baba Ƙarami ya ce, "Yaya, idan gobe ta yi wani aure fa? Kayan gidanmu ya tafi gidan wani ke nan."

Baba ya ce, "Idan ta yi aure, ni zan raka ta, kamar yadda na raka sauran 'ya'yana mata. Jitar kuma ta bi ta."

Baba Ƙarami ya kaɗe rigarsa ya fita. Watanni da dama 'yan'uwan nan biyu ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba, ko a coci kowa da layinsa. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Na koyi jitar da ƙyar, daga wayar hannu da kuma wajen mai buga mana kibod. Yatsuna suka yi kanta. Bayan shekara da wani abu mawaƙa suka karɓe ni. Amma duk lokacin da na kaɗa, muryar takan fito siririya, ba kamar ta mijina ba. Shi yana da wani ƙaramin akwati da ake kira fedal, wanda ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, na'urar ƙara sauti. Idan mai kaɗawa ya taka shi, muryar jitar sai ta yi kauri, ta ja tsawo. Nasa yana cikin jakarsa ranar haɗarin, bai dawo ba.

Na samo zanen haɗa irinsa a intanet, mafi sauƙin da na gani, na kai wa Baba a wayata. Ya gyara madubinsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Tiranzista biyu ne kawai. Wannan ai ƙaramin rediyo ya fi shi wuya."

Na ce, "To Baba, a taimaka a haɗa mini."

 Ya ajiye wayar, ya miƙo hannuwansa biyu a kan teburin. Suna rawa kamar ganye. Ya bar ni na gani da kyau, sannan ya ce, "Kin ga rediyoyin nan? Na san ciwon kowane ɗaya. Hannu ne ya ƙi. Mamanku ta sani, ke ce ta biyu." Ya janye hannuwan ya ɓoye a cinyarsa. "Ido da baki nawa. Hannu naki. In kin yarda, Asabar da yamma."

Ranar Asabar na zo na tsaya a bakin ƙofa, don ban taɓa zama a benci ɗaya da surukina ba. Ya ce, "Daga nan za ki narka dalma? Kunya ta jira ki a waje, za ki same ta in kin fito."

Haka muka fara. Ni malamar makaranta ce, amma a teburin nan na koma 'yar aji ɗaya. Na ɗauki wani ɗan abu mai zane-zanen launi na ce, "Wannan ta ina yake shiga?"

"Rizista ke nan, yana rage gudun wuta. Ba shi da gaba, ba shi da baya, ko ta ina kika sa shi daidai ne. Launin ne yake gaya miki ƙarfinsa, amma idona ba ya raba ja da ruwan goro yanzu. Sa mitar awon wuta ki auna."

"Wannan mai kama da ƙaramar ganga fa? Me ya sa ƙafa ɗaya ta fi tsawo?"

"Kafasita. Shi yana da gaba da baya. Doguwar ƙafa ita ce fulos, gefen da aka ja wa layi shi ne mainos. In kika juya shi, zai kumbura, wani lokaci ya fashe."

"In babu mai lambar da aka rubuta, zan iya sa wani?"

"Na kusa da shi zai yi. Murya za ta ɗan canza, ba abin da zai ƙone. Amma dubi ƙarfin wutar da zai iya ɗauka, kada ya gaza na batir ɗinki."

Bai taɓa ce mini tambayata ta wauta ce ba. Abin da ba ya so shi ne in yi shiru in yi ta zato. Yakan ce, "Tambaya ba ta ƙona kaya. Zato ne yake ƙonawa." Wata rana na tambaye shi me ya sa maɓallin ƙara murya yake da ƙafa uku alhali waya biyu nake gani a raina. Ya sa na fasa wani tsoho muka leƙa cikinsa, ya nuna mini ɗan harshen da ke yawo a tsakiya. "Ƙafar tsakiya ita ce wannan. In kika musanya na gefe biyun, ba abin da zai lalace, sai dai in kin murɗa dama murya ta ragu. Mutanen coci su ce Malama ta iya ladabi."

Narka dalma, wadda ake liƙa ƙafafun kayan da ita a jikin ɗan allon haɗi, shi ne ya fi ba ni wuya. Nakan ɗiga ta a kan ƙarfen da ake narka ta da shi in shafa wa waya kamar man shanu. Ya ce a'a. "Ɗora ƙarfe a kan ƙafar da allon tare, su yi zafi, sannan ki kawo dalma ta sha da kanta. In ta yi ƙyalli ta kwanta, ta kama. In ta dunƙule ta yi fari-fari, ƙarya take miki." Idan aka ɗauke wuta, sai ya sa a hura gawayi, mu gasa wani tsohon ƙarfensa na zamanin reluwe mu ci gaba.

Yawancin kayan daga matattun rediyoyinsa muka ciro. Sauran na saya a shagon Alhaji. Makunnin da ake takawa da ƙafa ne babu shi a garin nan, sai da wani direba ɗan cocinmu ya kawo mana daga Kaduna. Haka kuma Baba ya hana ni amfani da adaftar rediyo. Ya ce irin waɗannan akwatuna sau da yawa wutarsu a juye take da ta rediyo, in na soka ba tare da na auna ba, aikin watanni zai tafi cikin hayaƙi. Muka tsaya a kan batir.

Ranar gwaji na kawo jita da ƙaramin amfilifaya. Na soka waya, na danna makunni, na kaɗa. Shiru. Na sake dannawa, muryar jita ta fito yadda take. Na sake, shiru. Muka canza batir, muka duba zane, muka juya allon sama da ƙasa. Asabar ta biyu ma haka. Zuciyata ta karye. Ban san na ɗora wa ɗan allon nan buri mai yawa haka ba sai da ya ƙi magana. Na ce, "Baba, mu haƙura. Wannan aikin ba nawa ba ne."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Abin da ke gabanmu ya gaya mini."

"Abin da ke gabanmu ya ce akwai kuskure guda. Bai ce ki tashi ba."

Na tashi duk da haka. Na ɗauki jitata na fita ban yi sallama da kyau ba, na yi makonni ban koma ɗakin ba. Ina zuwa gidan, in gaishe su, in wuce kicin wajen Mama.

Wata rana lokacin hutun tara, ina ofishin malamai, aka ce ina da baƙo. Na fito na ga Baba a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, da sandarsa, ya yi gumi. Daga gida zuwa makarantarmu tafiya ce ko ga mai ƙarfi, kuma ya ƙi hawa mashin saboda rawar hannu. Ya ciro hankici daga aljihu ya buɗe, ga allon a ciki.

Ya ce, "Tambaya na zo yi wa Malama. In yaro ya faɗi jarrabawa a ajinki, korarsa kike yi?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Me kike yi?"

"Ina duba inda ya ɓata."

Ya miƙo mini hankicin. "Asabar," in ji shi, ya juya. Na bi shi na tsayar masa da keke-napep, ya shiga yana mita.

A Asabar ɗin ya koya mini abin da har yau nake ganin ya fi duk sauran. Ya ce a zamaninsu idan wayar tasha ta mutu, ba sa tone layin duka. Sukan bi shi falwaya bayan falwaya, suna saurare, har su kai inda magana ta tsaya. Ya sa na haɗa wata 'yar waya da kafasita a bakinta, ɗaya gefen a amfilifaya. Shi yana taɓa igiyar jita da yatsa, ni ina dangwala wayar wuri bayan wuri a kan allon. A mashiga akwai sauti. Bayan kafasita na farko akwai. A ƙafar tiranzista na farko akwai. A ta biyun, babu.

Ya ce, "To ga inda jirgi ya tsaya. Kin tabbata ƙafafunsa a jere suke kamar na zanen?"

"Ai duk ƙafa uku ne."

"Ni da ƙanena ma ƙafa bibbiyu ne, amma ba hanya ɗaya muke bi ba. Ni ma ban duba ba, na ɗauka irin wancan ne. Ciro shi mu auna."

Daga wani rediyo daban muka ciro shi, jerin ƙafafunsa ba ɗaya ba ne da na zanen. Na lanƙwasa biyu na musanya su, na liƙa. Da na kaɗa, amfilifaya ya yi wani ruri har kajin Mama suka watse. Baba ya cire madubinsa yana dariya, yana bubbuga tebur.

Na zuba allon a wata robar man shafawa na kai wajen koyon waƙa. Muna tsakiyar waƙar yabo na taka shi, sai ga muryar wani mutum daga lasifika yana karanta labaran duniya. Shugabar mawaƙa ta tsaya da hannu a sama. Wata tsohuwa ta ce, "Yesu ya yi mana jinƙai, jitar tana magana." Da na ba Baba labari, ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce, "Ai ɗan'uwan rediyo ne. Wayoyinki sun yi tsawo, sun zama eriya, roba kuma ba ta tare komai. Sai akwatin ƙarfe, a haɗa jikinsa da wayar ƙasa."

Ya aika aka ɗauko masa kwanon alminiyum mai murfi, wanda Mama ta riƙa zuba masa abinci yana tafiya aikin layi. Mama ta ce, "Wannan kwano ya girmi mijin Malama, shi za ku huda?" Baba ya ce, "Ya gama ciyar da ni. Bari ya yi waƙa." Muka huda shi, na rage tsawon wayoyi, na ƙara ɗan ƙaramin kafasita a mashiga yadda ya ce. Mai labarai bai sake zuwa ba.

Ranar Lahadin godiyar kaka na taka shi a gaban ikkilisiya. Ban iya duban wajen dattawa ba sai da aka gama. Bayan sujada Baba Ƙarami ya zo ya tsaya a gabana, ya dubi kwanon, ya ce, "Ashe da gaske kike." Ranar a gidan Baba ya ci abinci.

Da yamma na sami Baba a ɗakinsa na ce, "Baba, ya yi kama da na ɗanka?"

 Ya ce, "Bai yi ba. Ni ma na zauna ina jira in ji shi, ban ji shi ba. Wannan ba zai dawo ba, 'yata, ko mun haɗa akwati ɗari. Abin da na ji yau naki ne, kuma yana da kyau. Ki ci gaba da shi." Ranar ce kaɗai na ga hawayensa tun bayan jana'izar ɗansa. Muka zauna a bencin har Mama ta kira mu.

A damina ta ƙarshe jikinsa ya yi nauyi, aka kwantar da shi a asibiti. Lokacin na fara haɗa akwati na biyu ni kaɗai, don wani manomin citta da ke kaɗa jita a cocinsu a Fadan Kagoma. Yana aiki, amma yana gurnani a ƙarƙashin sautin. Na je dubiya, na yi niyyar kada in dame shi, shi ne ya tambaya. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "In kin taɓa jikin akwatin, gurnanin yana raguwa?" Na ce e. Ya ce, "To kin san inda za ki duba." Na ce ya faɗa mini. Ya girgiza kai, ya rufe ido yana murmushi. Bayan 'yan kwanaki Ubangiji ya kira shi gida.

Da baƙin jana'iza suka watse, na buɗe akwatin na bi wayar ƙasa tun daga farko. A ramin da ake soka wayar jita na same shi, fentin akwatin ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Na kankare, na ɗaure, gurnani ya tafi. Na hau mashin na kai wa mai shi da kaina. Ya gwada, ya yi godiya, sannan ya ce, "Malama, in ya lalace fa? Wa zan kai wa?" Na ce ya zo ya koya.

Na roƙi Mama makullin ɗakin, ta ba ni. Na sa aka yi sanarwa a coci cewa duk mai son koyo, namiji ko mace, ya zo. Abin da na sani kaɗan ne, kuma na faɗa musu haka tun ranar farko. Manomin ya zo, da wata nas, da wani tela. Akwai tambayoyin da suke yi mini da ban san amsarsu ba, sai mu nema tare. Na yi niyya ba zan rufe ɗakin nan ba muddin hannuna yana riƙe ƙarfe.

A ranar farkon, da dalma ta fara hayaƙi, na hango Mama ta jawo kujerarta kusa da ƙofar. Na tashi zan tura ƙyauren don kada hayaƙin ya dame ta, ga ta da tari. Ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Tun ina amarya nake faɗa da shi a kan wannan wari. Bar ƙofan a buɗe."

Na bar ta a buɗe, na koma na zauna. Allah ya ba Baba hutawa, mu kuma ya ba mu ƙarfin hannu.